Malamar Sufaye da Gadar Mae Sai

Chiang Mai, 9 ga Nuwamba, 2002

Pi Sai, yayana Kham Lek,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kana lafiya, kai da matarka Pi Mwe da yaranku biyu. Yaya ƙafar Mama? Pa Seng mai fatauci, da ta kawo min daddawar waken suya da kuka aiko, ta ce ta gan ta zaune a ƙofar shagonka tana tsince ganyen shayi tana faɗa da kaji. In dai tana iya faɗa da kaji, to da sauƙi. Man zafin da ke cikin ƙunshin nan nata ne. A shafa mata safe da yamma, kada ka bar ta ta ɓoye shi wai sai ranar da ciwo ya yi tsanani.

Ni lafiyata ƙalau. Tsohuwar da nake jinya, Khun Yai, har yau tana kirana da sunan wata mai aikinta da ta mutu tun ina goye. Na daina gyara mata. ’Yarta Khun Wilai ta sabunta min katin aiki. An rubuta “mai aikin gida”, ga hotona kamar wadda aka tasa daga barci.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ka san haikalin mutanenmu da ke bayan kasuwa, wanda nake zuwa ran Lahadi. Watan jiya na tarar da babban sufin wurin, Sao Khu Pannya, yana juya wata kwalbar magani yana neman mai karanta masa Turancin da ke jiki. Na karanta. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, “Ke ce malamar Kengtung da ake cewa tana wankin tsohuwa?” Na ce ni ce. Ya ce yana da sufaye goma sha ɗaya da za su zauna jarrabawa a watan Maris, wanda ya ci za a tura shi karatu Sri Lanka. Littattafan addini suna kansu tsaf, Turanci ne ke kayar da su shekara uku a jere.

Pi Sai, na koma gaban allo! Lahadi da Alhamis da rana, lokacin da Khun Yai ke barci. Suna zaune a kan dakali, ni ina ƙasa a kan tabarma, malama a ƙasa ɗalibai a sama. Takarda ma ba na miƙa musu hannu da hannu, sai in ɗora a kan ƙyallen da suka shimfiɗa su ja. Akwai wani Sao Wizaya, ya kai shekara arba’in, ya ce shi harshensa ya saba da azumin yamma, ba zai iya tauna kalmomin Turawa ba bayan azahar. Duk ajin ya fashe da dariya, har Sao Khu.

Ba a biyana ko baht ɗaya, ban kuma nema ba. Ladan na marigayi Baba ne. Shekara uku ke nan rabona da alli.

Ka gaishe min da kowa.

Ƙanwarka,
Hom Noon


Kengtung, 1 ga Disamba, 2002

Nong Hom, ƙanwata,

Wasiƙarki ta iso, da man zafin. Mama tana shafawa, ta ce yana warin Chiang Mai. Ƙafar ta ɗan sace. Yara lafiya, ƙaramar ta fara zubar da haƙori. Kasuwa shiru, rediyo uku kawai aka kawo min gyara a makon nan.

Mama ta yi murna da zancen sufaye, har ta kai furanni haikali. Ni kuma ina da tambaya. Katin nan naki da aka rubuta aikin gida, ya yarda ki tsaya gaban allo? Ki tambaya da kyau. Ki riƙe aikin tsohuwar nan da hannu biyu. Kada ki yi abin da zai sa a san sunanki a wani ofishi.

Mun yi baƙi. Wasu mutum biyu sun zo shago, suka ce tsofaffin ɗalibanki ne. Sun girma ƙwarai, askinsu iri ɗaya, takalmansu iri ɗaya. Sau biyu suna zuwa. Sun sha shayi, suka roƙi a nuna musu ɗakinki, suka duba littattafanki ɗaya bayan ɗaya, har da na rubutun hannu. Sun damu ƙwarai su san inda kike. Na ce musu ni mutum ne mai mantuwa, ban riƙe adireshi ba. Sun ce ba komai, za su dawo.

Abokin aikinki na makaranta, Malam Lao Mong, shi ma sun ziyarce shi. Yanzu ya yi tafiya. Matarsa ba ta faɗi ranar dawowarsa ba.

Hanya ba ta da kyau bana. Kada ki wahalar da kanki da zuwa, ko don biki, ko don Mama. Muna nan, ba inda za mu.

Ki karanta wasiƙar nan a hankali, sau biyu. Kin san rubutuna ba shi da kyau.

Yayanki,
Kham Lek


Chiang Mai, 20 ga Disamba, 2002

Pi Sai,

Ina gaisuwa. Na ji daɗin labarin ƙafar Mama. Ka ce wa mai zubar da haƙori in na zo zan duba ko ɓera ya kawo mata sabo. Ni ina fama da ɗan mura, sanyin bana ya shigo da ƙarfi.

Kai kuwa wane irin mutum ne! Ɗalibaina su zo har sau biyu, ka hana su adireshina, ko sunayensu ba ka tambaya ba? Na yi ta lissafa su wa za su kasance. Ina jin Sai Pan ne da ɗan’uwansa, su ne kullum ake yi musu aski rana ɗaya. Na zauna a bakin gadon Khun Yai na yi hawaye, wai har yanzu akwai mai tunawa da ni. In sun dawo ka ba su. Malam Lao Mong kuma na san shi da son yawo, ina fata Yangon ya tafi neman ƙarin girma.

Maganar kati, ka yi gaskiya, kuma ba kai kaɗai ka faɗa ba. Akwai wani tsohon Bature a haikalin da ke ƙofar gari, ɗan fansho ne, shekara biyu yana koya wa sufaye kyauta. Makon jiya aka ɗauke shi a tsakiyar darasi. An ce ya yi ta cewa shi ba a biyansa. Suka ce masa doka ba ta tambayi ko ana biya ba: duk baƙon da ya yi amfani da ƙarfinsa ko iliminsa, aiki ya yi, kuma sai da izini. An ci shi tara, an ba shi kwana bakwai ya bar ƙasar.

Khun Wilai ta ji labarin a wajen aikinta. Ta tare ni a kicin ta ce, “Hom, sunana ne a bayan katinki. In aka kama ki da alli, wa zai juya min uwata?” Na ce mata wa zai kula da ’yar aiki a kan tabarma? Bature ake gani daga nesa.

Sai dai akwai wani mutum da ya fara zuwa. Rigarsa ruwan toka, yana zama can baya kusa da ƙofa, bayan ya yi gaisuwa ga gunki yadda ya kamata. Ba ya magana. Ran Alhamis na ga leɓensa yana bin abin da nake karantawa. Wataƙila kunya ce ta hana shi cewa yana son koyo.

Kada ka damu. Na auna abin. Mafi munin da za a yi min shi ne a sa ni a mota a kai ni gadar Mae Sai ta kan iyaka a miƙa ni ga mutanenmu. To sai me? In hau mota zuwa gida, in ga Mama, in ci abincin Pi Mwe na mako biyu, in ga ɗalibaina. Hanyar da kake tsoro, Pa Seng da ta girme ni da shekara ashirin tana binta duk wata. Saura wata uku jarrabawa. Ba zan bar su a tsakiya ba.

Ƙanwarka,
Hom Noon


Chiang Mai, 8 ga Fabrairu, 2003

Pi Sai,

Gaisuwa. Mako bakwai ke nan babu ko layi ɗaya daga gare ka. Pa Seng ma ban sa ta a ido ba, an ce ’yarta ce ta haihu da wahala. Wannan zan bar wa mai shagon da take sauke kaya. Lafiya dai? Mama ce? Ko fushi kake don na ce maka wane irin mutum? Wasa nake yi.

Ni lafiya, amma abubuwa sun ɗan canza a nan.

Mai rigar ruwan toka ba ɗalibi ba ne. Makon jiya ya dawo da wani, suka nemi ganin Sao Khu. Sun durƙusa, sun kawo lemo da sabulu sadaka, sannan suka tambaya cikin ladabi wace ce matar da ke koyarwa, kuma wane irin kati take riƙe da shi. Sao Khu ya ce, “’Yar haikali ce, tana neman lada.” Mutumin ya ce, “Haka ne, Ranka ya daɗe. Sai dai wani ya rubuto ƙara, kuma takarda in ta shiga ofishi ba ta fita sai da amsa.” Ba mu san wa ya rubuta ba. Sao Wizaya ya ce mai makarantar kuɗi ne da ke gefen kasuwa. Ni ban gani da idona ba.

Washegari Sao Khu da kansa ya ɗauke ni muka je ofishin aikin baƙi. Duk ma’aikatan suka miƙe, aka kawo masa kujera, ni ina tsaye a bayansa. Matar da ke kan tebur ta yi mana bayani da murmushi. Katin aikin gida ba ya zama na koyarwa. Haikali zai iya nema min izinin malamar sa kai, amma sai in kawo fasfo, da takardar shaidar malanta ta asali, da biza daga waje. Na ce ba ni da fasfo, ta rafi na shigo kamar kowa. Ta ce, “To sai ki koma gida ki yi.”

Na yi tunani, na ga ba laifi. Takardar shaidata tana cikin akwatin Baba. Bayan jarrabawa, lokacin bikin ruwa na watan Afrilu, zan zo da ƙafata. In nemi fasfo, in dawo malama da sunana, ba a ɓoye ba. Ka fara tambaya min wa ake gani.

Kafin nan mun mayar da ajin ɗakin girkin haikali, an rufe taga. Darasi tara ya rage. Jiya da na fito na ga babur ɗin mutumin a ƙarƙashin bishiyar tsamiya. Shi ban gan shi ba.

Ka rubuto, ko kalma biyu.

Hom Noon


Kengtung, 24 ga Fabrairu, 2003

Nong Hom,

Mama lafiya. Yara lafiya. Ba ni da lokacin doguwar gaisuwa.

Jiya Pa Seng ta iso, ta miƙo min wasiƙunki biyu tare. Na karanta a bayan shago. Laifina ne. Na yi miki magana a lulluɓe don ana buɗe wasiƙu a hanya, na zaci za ki gane. Yanzu zan faɗa a fili, duk abin da zai faru ya faru.

Ba ɗalibanki ba ne. Sai Pan yana Mandalay yana tuƙin mota, bai zo ko’ina ba. Mutanen gidan bincike ne, masu leƙen asirin gwamnati. Kin tuna takardar da dattawan ƙauyukan nan da aka tasa suka kawo makaranta, ke da Malam Lao Mong kuka juya musu ita Turanci? Kin zaci ta ɓace. Ba ta ɓace ba. An karanta ta a gidan rediyon waje, bara kuma aka kama mutumin da ya fita da ita, da kwafin rubutun hannu a jikinsa. Abin da suke nema a littattafanki ke nan, hannunki. Sun tafi da guda biyu.

Malam Lao Mong ba Yangon ya tafi ba. Sun ɗauke shi daga aji ranar sha tara ga Nuwamba. A watan Janairu aka kira matarsa aka ba ta agogonsa da tabarau. Ba a ce mata komai ba, ba a ba ta gawa ba.

Sunanki yana gada. Wani da nake gyara wa rediyo ya gan shi da idonsa a littafin masu tsaro. In hukumar Thai ta miƙa ki a can, ba motar gida za ki hau ba.

Ki daina koyarwa yau, ba gobe ba. Ki faɗa wa Sao Khu gaskiya, zai fahimta. Sufaye za su iya jira shekara guda. Ki manta da fasfo, ki manta da bikin ruwa. Ki zama mai wankin tsohuwa, ki sunkuyar da kai, ki rayu.

Mama ba ta sani ba. Pi Mwe ta sani. Ki ƙone wannan.

Kham Lek


Chiang Mai, 11 ga Maris, 2003

Pi Sai,

Ina gaisuwa. Jikina lafiya, ba wanda ya taɓa ni. Sao Khu ne ya kawo min takarda da biro, shi zai ba Pa Seng.

Wasiƙarka ta zo ran Asabar. An kama ni ran Alhamis.

Darasi na biyun ƙarshe ne. Muna cikin ɗakin girki ina yi musu gwajin magana, sai aka ƙwanƙwasa. Mai rigar ruwan toka ne da mutum biyu. Sun cire takalma kafin su shigo. Ya ce, “Malama, ki ƙarasa jimlar.” Na ƙarasa. Ya ɗauki hotona da alli a hannu, ya ɗauki allon. Sao Wizaya ya miƙe ya ce, “Mu muka roƙe ta, mu za ku tafi da mu.” Mutumin ya haɗa hannu ya ce, “Ku ba ku karya doka ba, Ranka ya daɗe.”

Ka yafe min, a mota har da ɗan murmushina. Ina cewa a raina, to, tafiyar ta zo da wuri, kuma kyauta.

Mu talatin da huɗu ne a ɗakin mata. Masu aikin gini, masu wanke-wanke, wata da jariri. An soke katina. Khun Wilai ta zo sau ɗaya, ta kawo min kayana a jakar leda. Ba ta zage ni ba. Ta ce Khun Yai ta ƙi cin abinci daga hannun kowa, sannan ta juya ta tafi.

Ran Asabar Sao Khu ya ɗora wasiƙarka a kan ƙyalle ta ƙarƙashin ƙarfen taga. Na karanta a tsaye. Daga nan na koma na tuno waccan ta Disamba, kalma bayan kalma, don na haddace ta saboda daɗin da ta yi min. Aski iri ɗaya. Takalmi iri ɗaya. Ni da nake koya wa mutane karatu! Malam Lao Mong ne ya koya min yadda ake riƙe aji.

Na faɗa wa Sao Khu komai. Ya saurara har ƙarshe. Sannan ya tambayi sunan mai rigar ruwan toka.

An ce ran Juma’a mota za ta kai mu Mae Sai. Akwai takarda mai sunayenmu da ake miƙa wa na wancan gefen.

Abu ɗaya kuma, shi ya fi hana ni sukuni. Kai da ƙullun shinkafa kake liƙe ambulan, tun muna yara. Wannan akwai ƙullun shinkafa, a kansa kuma akwai gam na kanti. Na tambayi Sao Khu, ya ce Pa Seng ta ce an karɓi jakarta a shingen hanya na kusan awa ɗaya, aka dawo mata da ita har da ba ta haƙuri. An karanta ta, Pi Sai, aka bar ta ta wuce. Ka ɗauki Mama da yara ku je ƙauyen su Pi Mwe. Kada ka tsaya rufe shago.

Hom Noon


Fang, 6 ga Afrilu, 2003

Pi Sai,

Ina raye. Ina lafiya. Ka faɗa wa Pi Mwe.

Ran Juma’ar aka loda mu a babbar mota mai waya, mai rigar ruwan toka yana gaba. Ban san abin da Sao Khu ya gaya masa ba, kuma bai dube ni ba ko sau ɗaya. Da muka kusa Mae Sai na fara hango rufin kasuwa, na yi amai a kan ƙafar matar da ke kusa da ni. Sai motar ta bar kwalta ta bi wata hanyar ƙasa cikin gonakin masara. Ta tsaya a bakin rafi. Ya sauko ya ce, “Gada ta cika yau. Ku haye nan, can ƙasarku ce.” Takardar sunayen tana aljihunsa, ban ga ya fito da ita ba.

Mun haye, ruwa iya gwiwa. Mun zauna cikin gora har motar ta tafi. Da la’asar rabinmu muka sake hayowa.

Yanzu ina wata gonar lemo a kan tudu. Ba ni da kati ko na aikin gida. Sunana a nan Nang Lu, ban iya karatu ba. Da safe muna feshi, da yamma muna tsinka, in an ji ƙarar mota sai kowa ya shige cikin bishiyoyi. Hannuna ya yi kanta. Sao Wizaya ya aiko min da saƙo ta bakin direban gonar: mutum huɗu sun ci jarrabawa, ban da shi.

Pa Seng ta daina ɗaukar wasiƙa, ban ga laifinta ba. Wannan wani mai kai shanu ne zai kawo. Shi ne ya ce min da ya wuce ta layinku makon jiya ya ga shagonka a rufe da rana tsaka. Ina so in yarda cewa kun tafi ƙauye. Ka ba shi amsa ko da baki.

Ƙanwarka


Kengtung, 19 ga Afrilu, 2003

Nong Hom,

Ni ce Mwe, matar yayanki. Ban saba rubutu ba, ki yi haƙuri da hannuna. Mama lafiya, yara lafiya.

Wasiƙarki ta ɗakin tsaro ba ta same shi ba. Sun zo ranar uku ga Maris da safe, yana cikin gyaran rediyo. Mutanen nan biyu ne. Suka ce tambaya kaɗan ce. Ya cire tabarau ɗinsa na aiki ya ajiye, ya bi su. Mama na ce mata ya tafi Mandalay sayo kaya. Kullum sai ta ce kayan nan sun daɗe.

Sau ɗaya aka bar ni na gan shi. Ya rame. Yana riƙe da haƙarƙarinsa in zai yi numfashi.

Shekaranjiya babbansu ya zo gida, ya zauna a kujerar Baba. Ya ce ba su da matsala da Kham Lek. Ya ce sun jira ki a gada ba ki zo ba. Ya ce in kin hayo da ƙafarki kin nuna kanki, a ranar zai kwana a gida.

Da na je ganinsa, yayanki ya sa na rantse da kan yaranmu cewa in sun zo da irin wannan magana ba zan faɗa miki ba. Na rantse. Kwana biyu ina zagaya takardar nan.

Ban ce ki zo ba. Ban ce kada ki zo ba. Ban san ko gaskiya suke faɗa ba. Ƙaramar ta daina tambayar ina babanta, wannan ya fi tambayar ciwo.

Mwe


Fang, 27 ga Afrilu, 2003

Pi Mwe,

Na gaishe ki. Na samu. Ba ki yi laifi ba, kuma in ya yi miki faɗa ki ce ni na ce da na ji daga bakin wani da ban yafe miki ba.

Na aika wa Sao Khu. Ya hau mota ya zo har gonar nan. Ya ce kada in je, irin mutanen nan ba su cika alkawari. Na ce na sani. Ya ce to me ya sa? Na ce hannuna ne a takardar, ba na Pi Sai ba. Ya zauna tare da ni a ƙarƙashin lemo har rana ta yi sanyi, ya yi min addu’a, ya tafi.

Ranar Laraba, bakwai ga Mayu, da hantsi zan hau gada. Ki aika wa babban nasu tun kafin ranar, a gaban maƙwabta, don a san an yi alkawari. Kada ki zo Mae Sai. Kada ki bar Mama ta ji sunana a bakin kowa. In ta tambaya, ina Chiang Mai ina koya wa sufaye.

Ki haɗa kaya tun yanzu, kaɗan, waɗanda za ki iya ɗauka. In ya dawo, kada ku kwana biyu a garin, ko yana iya tafiya ko sai an goya shi. In rana ta faɗi ran Alhamis bai shigo ba, kada ki je tambaya. Ki ɗauki Mama da yara, mai shanun nan ya san hanyar rafi, na riga na yi magana da shi.

Hom Noon